Na sayi faifan The Simpsons zango na 5 a Terminus, ga abin da na gani

Jama'a wannan sitikar ta WhatsApp da ake turawa in an kunyata mutum a guruf, wani mai sanƙo ɗan rawaya yana ja da baya a hankali har ya shige cikin shingen ganye ya ɓace, na yi shekaru ina tura ta ban san daga ina ta fito ba sai satin da ya wuce. Na je kasuwar Terminus ta Jos neman caja ne kawai, sai na tsaya wajen wani mai kayan gwanjo na lantarki, irin masu rediyo da rimot da tsofaffin faya-fayai a kwali, sai ga kwalin DVD na katun ɗin Amurka The Simpsons zango na 5, na asali ba irin kwafin nan na cikin leda ba. Ya ce dubu shida, muka yi ta ja har ya sallama a huɗu.

Faifai huɗu ne a ciki, kashi 22, waɗanda aka haska a Amurka tsakanin 1993 da 1994. Kwalin ya ɗan ci duniya, faifai na ukun kuma akwai karce a bayansa, wuri biyu yana tsayawa sai na tura gaba. Wannan kam ban ji daɗinsa ba don mai shagon ya ce min ya gwada duka lafiya lau. Hoton ma irin na da ne, a talabijin ɗin yanzu baƙi yake bari hagu da dama, wanda ya saba da hoto garau zai ɗan yi tsaki da farko.

Amma abin da ya biya ni kuɗina shi ne sharhi. Kowane kashi za ka iya canza murya ka ji masu rubutawa da masu zanen suna hira a kai yana tafiya, suna faɗin wannan daga fim kaza muka ɗauko, wancan kuma ga dalilin da ya sa muka sa shi. Wallahi sai na ga ashe rabin barkwancin wucewa yake ta saman kaina tun ina yaro. Kamar dai ka nuna wa baƙo Ibro Awilo ne, zai yi dariya don marigayi Rabilu Musa Ibro ko motsi ya yi abin dariya ne, amma wanda ya san Awilo Longomba da yadda waƙoƙinsa suka cika gari lokacin, dariyarsa daban ce. To mu ne baƙin a nan.

Kashin da ya fi kama ni shi ne Cape Feare, inda mugun nan Sideshow Bob ya fito daga kurkuku yana farautar Bart, yaron gidan Simpson. Gaba ɗayansa kwaikwayon fim ɗin Cape Fear ne na 1991 wanda Robert De Niro ya fito a mugu, har zaman da ya yi a silima yana busa sigari yana ƙyaƙyata dariya ya hana kowa kallo, da maƙalewa a ƙarƙashin mota, duk daga can ne. Sai da na nemo fim ɗin na kalla sannan na dawo, kai abin ba a magana. Akwai wurin da Bob yake taka manjagara tana tashi tana bugunsa a fuska, ya matsa ya taka wata, har sau tara, kuma dalilin kawai shi ne kashin bai kai tsawon da ake so ba sai suka ja wurin don cike lokaci, abin da aka yi don toshe rami shi ne ya zama wurin da kowa ya fi tunawa. Na kalla da ƙanena, a na uku ya ce Yaya ai ya isa haka, a na bakwai kuma yana ƙasa yana riƙe ciki. Sannan ku duba zanen da ke yatsun Bob, a tsohon fim na 1955 da suka ɗauko abin, The Night of the Hunter, haruffa huɗu-huɗu ne a hannun mugun, amma 'yan Simpsons yatsu huɗu gare su har da babban, shi ya sa aka rage kalmomin suka koma haruffa uku-uku. Wa zai lura da wannan in ba an nuna masa ba?

Kashin farko na faifan kuma, wanda Homer, baban Bart kuma mai sanƙon sitikar nan, ya kafa ƙungiyar mawaƙa, tarihin Beatles ne daga tashi har watsewa. A ƙarshe suka hau rufin mashayar Moe suna waƙa kamar yadda Beatles suka yi a kan rufi a Landan a 1969, sai ga George Harrison a mota, kuma muryarsa ce da kansa, ya leƙo ya ce ai an riga an yi wannan. Haka a Deep Space Homer, Buzz Aldrin mutum na biyu da ya taka wata shi ya yi muryar kansa, wurin da Homer yake shawagi yana cafke soyayyen dankali da baki kuma tsokanar fim ɗin 2001: A Space Odyssey ce har da kiɗan. Kashin Rosebud na Mista Burns, attajirin da Homer yake wa aiki, da 'yar tsanarsa Bobo daga Citizen Kane ne na 1941, shi wannan bai shige ni sosai ba, na wuce.

Ita kuma sitikar tawa tana cikin Homer Loves Flanders. Da na ga wurin tsayar da faifan na yi na kira matata, na ce zo ki ga mutuminki. A kashin ne kuma Homer ya bi motar maƙwabcinsa Flanders da gudu riƙe da sandunan golf kamar mugun Terminator 2, wannan kam na gane da kaina don mun sha kallonsa a gidan kallo.

Inda sharhin yake da matsala, wani lokaci mutum biyar shida ne suke magana a tare suna dariya da Turancin Amurka mai sauri, in kunnenka bai saba ba za ka wahala, ni ma sai na mayar baya sau biyu. Kuma don Allah kar a ga katun ne a kunna wa yara a tafi kicin. Homer mashayi ne, yana shaƙe wuyan ɗansa, akwai ma kashin da ya sayar wa shaiɗan ransa saboda donot, ni dai nawa yaran sai sun yi barci nake sawa.

Masu tura min bidiyon wai Simpsons sun san gaibu, maganar nan ta Trump ya zama shugaban Amurka a kashin shekarar 2000 take, zango na 11, babu ita a wannan kwalin, kuma raha ce marubuta suka yi, gaibu sai Allah.

Wanda yake da na'urar DVD har yanzu kuma yana son fina-finan Turawa na da, in ya ci karo da shi ya saya, sai dai ya sa a gwada masa faifai huɗun a gabansa kafin ya miƙa kuɗi. Na ce wa mai shagon in zango na 4 ko na 6 ya shigo a dila ya ajiye min, ya ce in leƙo bayan sati biyu.