Goge zanen tagulla a ƙarƙashin cocin St Martin, Landan

Duk wanda zai je Landan da yara, ko shi kaɗai ma in yana son aikin hannu, ina ba shi shawara ya leƙa ƙasan cocin St Martin-in-the-Fields da ke dandalin Trafalgar, wanda aka gama gininsa a 1726. Lokacin da muka je ana goge zanen tagulla a wajen, kuma gaskiya kuɗinmu bai tafi a banza ba.

Asalin abin shi ne a da manyan Ingila in sun mutu ana zana surarsu a farantin tagulla a kafa a daɓen coci ko bango, tun wajen ƙarni na 13 ake yi, daga baya mutane suka fara ɗora takarda a kai suna gogawa da kaki zanen ya fito, kamar yadda muke sa kwabo ƙarƙashin takarda mu goga da fensir muna yara. Yawan gugar ya soma cinye na asalin shi ya sa coci da yawa suka hana, a nan kwafi ake ba ka.

Za ka zaɓi faranti, kuɗin ya danganta da girmansa, su manna maka baƙar takarda da selotef su ba ka kaki mai tauri, ruwan zinare ko azurfa, irin wanda shumeka ke goge dundunniyar takalmi da shi. Ni jarumi na ɗauka mai rigar sulke. Ka fara shafa takardar da yatsa ka gano iyakar zanen, sannan ka goga ta fuska ɗaya kana dannawa sosai, kuma wallahi a nan daɗin yake, zoben sulken nan ɗaya bayan ɗaya suna fitowa, ga ɗamarar takobi, ga zaki kwance ƙarƙashin ƙafarsa wanda da ido kawai ban ma kula da gashin wuyansa ba sai da kakin ya bi ta kai. Maƙerin da ya sassaƙa wannan ya sha aiki.

Hannu na gajiya fa, kar a ɗaukar wa yaro babba, matsakaici ya isa. Wanda kuma ba ya son rataye surar mutum a gida akwai zanen ƙulle-ƙulle na Selt, wato tsofaffin mutanen su Ireland da Scotland, shi ma yana fita da kyau. In an gama a naɗe takardar, kar a ninke, ninki na ɓata kakin.