Kabaid ko HSS: wanne ya dace da ƙaramin injin CNC?

Ɗan'uwanmu da ya sayi ƙaramin injin CNC (injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa) ƙirar 3018 ya ce cikin mako guda ya karya bakin yanka huɗu, duk na kabaid, yana tambaya ko ya koma wa na HSS (high-speed steel, wato ƙarfen yanka mai jure zafi) ya huta. Har hoton gutsattsarin ya ɗora a jere kan faranti, aka yi ta dariya, wani ya ce ya ƙara biyu ya haɗa wa uwargida sarƙa. Malam, sannu da asara. Dariyar ta 'yan gida ce, don duk wanda ya taɓa injin nan ya san wannan "ƙas!" ɗin, ya kuma san yadda injin ke ci gaba da yawo a iska yana sassaƙa babu.

Kabaid ɗin nan ba shi ne dutsen da masu walda ke jiƙawa da ruwa ba. Garin haɗin tungistin da kabon ne da aka gauraya da kobal, aka matse, aka gasa. Shi ya sa halinsa irin na tangaran ne: tauri kamar me, amma ba ya lanƙwasa, in abu ya fi ƙarfinsa sai ya fashe. HSS kuwa ƙarfe ne sosai, irin wanda Taylor da White suka nuna wa duniya a baje kolin Faris a 1900. Halinsa na adda ne, yana ɗan ba da kai, ya jure duka da girgiza. Wajen ƙin lanƙwasa kabaid ya ninka shi kusan sau uku, wajen haƙuri da kuskuren mai aiki kuwa HSS ne a gaba.

To, jin haka sai ka ce ai HSS ne maganinka. Ban yarda ba. Motar lantarkin da ke juya baki a 3018 tana juyawa wajen sau 10,000 a minti, kuma aikin yawancinmu katako ne, da MDF (allon garin katako da aka matse da gam), da roba, da allon lantarki (wanda ake haɗa kayan lantarki a kai). Gam ɗin da ke cikin MDF da zaren gilashin allon lantarki suna cinye kaifin HSS nan da nan. Zafi ma haka: HSS yana fara sakin taurinsa a wajen digiri 600, kabaid yana wuce nan da nisa. Da zarar baki ya dakushe ya daina yanka, turawa yake yi, katako ya ƙone, inji ya hau rawa, ƙarshenta shi ma ya karye. Inda nake ganin amfanin HSS shi ne babban inji mai juyawa a hankali, da baki mai kauri, milimita 6 zuwa sama, ana yankan ƙarfe mai laushi. Nan arharsa da juriyarsa ke biyan kuɗinsu.

Abin da ya karya maka huɗun nan, ina kyautata zato, zai karya HSS ma. Fara duba tsawon bakin da ka bari a wajen kolet, wato maƙalar da ke riƙe shi. In ka ninka tsawon da ya leƙo sau biyu, lanƙwasar da bakin ke yi tana ninkuwa sau takwas. In kuma ka rage kaurinsa da rabi, sau goma sha shida. Wannan lissafin ne ke sa baki mai milimita 1 ya tsinke a aikin da mai 3.175 zai wuce lafiya lau. Tura shi ciki, ka bar iyakar abin da zurfin aikin ke bukata.

Sai tsoro. Sabon hannu yakan rage gudun tafiya sosai yana ganin lallaɓawa yake yi, alhali bakin gogawa kawai yake yana ɗaukar zafi. Lissafin ba wuya: juyi 10,000, haƙora biyu, kowane haƙori ya ɗebi milimita 0.02, tafiya ta zama milimita 400 a minti. Zurfin ne za ka rage, ba tafiyar ba. A alminiyom kuma nemi mai haƙori ɗaya, domin ɓarɓashin yana narkewa ya liƙe a ramin bakin ya toshe shi.

Akwai kuma karayar da babu ruwanta da irin bakin. Canja baki a manta a sake saita sifirin Z, wato inda inji ke fara auna hawa da saukar baki. Umarnin G0, mai matsar da baki da sauri ba tare da yanka ba, ya bi ta kan maƙalar da ta danne katako. Ni wanda ya fi ƙona min rai, an ɗauke wuta ne baki yana cikin katako, da aka kawo na matsar da inji gefe ban fara ɗaga shi sama ba. Sabo ne fil, ranar na buɗe shi. Tun daga nan da Z nake farawa.

Shawarata ka zauna kan kabaid, ka sayi masu arha irin na goma a kwali, milimita 3.175, ka koyi hannu da su. Sa tabaran kariya kullum, don gutsuren kabaid tashi yake kamar tsakuwar gwafa. Kada ka zubar da guntayen nan, gindinsu yana yin fegi mai kyau na daidaita katako a kan teburin inji. Turo mana hoton bakin a ɗaure cikin kolet, da gudu da zurfin da ka sa, mu duba tare.