Kano zuwa Guangzhou ta Adis Ababa: yadda na ga tafiyar

Duk ɗan kasuwar da zai je Guangzhou saro kaya, ya san cewa babu jirgin da zai ɗauke shi daga Kano ya dire shi can kai tsaye. Ni da Ethiopian Airlines na bi, kuma zan sake bi, amma ina so mai niyya ya san nisan kafin ya biya kuɗin tikiti.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Bole a Adis Ababa kilomita ne wajen 3,300, tafiyar awa huɗu da 'yan kai. Wannan zangon ba ya wahalar da kowa. Na biyun ne aiki: kilomita kusan 8,000 zuwa filin Baiyun na Guangzhou, wajen awa 10 kana zaune wuri guda. Ka haɗa da jiran canjin jirgi, kwana guda ya tafi. A dawowa ma ya fi tsawo kaɗan, domin jirgi yana fuskantar iskar da ke kaɗawa daga yamma.

Abin da ke rikita mutane a takardar tikiti shi ne agogo. Habasha tana gaban Najeriya da awa 2, Sin kuma da awa 7, kuma lokacin sauka da aka rubuta na garin da za ka sauka ne. Wani dattijo da muka zauna tare ya yi ta lissafi da yatsu, yana cewa ai zango na biyun ya kai awa 15 a sama. Sai da na nuna masa taswirar da ke bayan kujera hankalinsa ya kwanta.

Inda na fi jin bambancin shi ne sallah. Tunda gabas aka nufa, dare gajere ne ƙwarai. Ka ɗan runtsa, ka ɗaga murfin taga, sai ka tarar alfijir ya keto alhali agogon hannunka yana cewa tsakar dare. Kada ka dogara da agogon gida wajen Asuba, duba taga. Azahar da La'asar kuwa na haɗa su na yi ƙasaru. Wanda ya yi alwala tun a Bole ya huta, don bayan gidan jirgi matsattse ne.

Ma'aikatan sun kyauta mana, abinci ya zo da zafinsa, jakunkunana biyu masu kilo 23 kowace sun iso lafiya. Ka riƙe rigar sanyi a hannu, Adis tana kan tudu sama da mita 2,300, sanyinta na dare yana ratsa kaftani. Ka nemi kujerar bakin hanya, ka riƙa tashi kana taka ƙafa, domin tawa ta kumbura har takalmi ya matse ni.

Kuma don Allah kada ka sa wa dillalinka alkawarin shiga kasuwa ranar da ka sauka. Ka kama masauki a unguwar Xiaobei inda abincin halal yake, ka yi barci, ciniki sai washegari.