Darare Bakwai a Tebur Ɗaya: Sharhi Kan Liyafar Dare a Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Shekara goma sha takwas ke nan ina sana'ar girkin biki da suna da walima a Kaduna, saboda haka duk inda aka ajiye mini faranti, idona yakan fara sauka kan hannun da ya ajiye shi kafin ya koma kan abin da ke ciki. Da wannan idon na shiga babban ɗakin cin abinci na jirgin ruwan shaƙatawa da muka hau ni da maigida a watan Yunin bara, tafiyar da babbar 'yarmu ta ɗauki nauyinta bayan mahaifinta ya yi ritaya. Mun bi jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, muka tashi daga Abuja, bayan yada zango ɗaya muka sauka Barselona ta ƙasar Sifaniya. Daga nan jirgin ruwa ya zaga da mu Bahar Rum darare bakwai, yana tsayawa a Marsai ta Faransa, da Jenowa da Napoli na Italiya, da tsibirin Malta. Garuruwan suna da nasu labarin, amma abin da zan yi magana a kai shi ne cin abincin dare da yadda ake hidimarsa.

Tun ranar shiga jirgi ake ba kowane fasinja kati, wanda shi ne makullin ɗakinsa kuma da shi yake sayayya, a jikinsa kuma an rubuta lambar teburinsa da lokacin cin abincinsa. Zama biyu ake yi kowane dare, na farko wajen ƙarfe shida da rabi, na biyu gab da ƙarfe tara. Mu da muka saba ganin rana ta faɗi kafin bakwai a Kaduna, sai muka tarar a can ba ta faɗuwa a wannan watan sai wajen tara, a Barselona ma har ta gota. Wannan ya sa muka zaɓi zama na farko, domin mukan gama cin abinci da sauran haske, mu koma ɗaki mu jira magariba a natse, alhali zama na biyu yana faɗawa daidai kan lokacin salla. Duk Musulmin da zai yi irin wannan tafiya a lokacin zafin Turai, ina ba shi shawarar ya nemi zaman farko tun wajen sayen tikiti, domin yana saurin cika.

Teburinmu na mutum shida ne, kusa da taga, an lulluɓe shi da farin ƙyalle mai guga. A gaban kowace kujera an jera cokula masu yatsu a hagu, wuƙaƙe da cokalin romo a dama, ƙaramin farantin burodi a hagu, kofunan gilashi a dama. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ana fara ɗauka daga na waje ana matsowa ciki, kowane kalar abinci da nasa, kuma da an gama a haɗa wuƙa da cokali wuri ɗaya a kan faranti, mai hidima ya gane cewa ya iya ɗaukewa. Wannan salon na kawo abinci kala-kala bi da bi, Turawa suna danganta shi da Rasha, kuma a ƙarni na 19 ya bazu a Faransa da Ingila. Kafin nan su ma jere kwanuka suke yi gaba ɗaya a tsakiya, kamar yadda muke yi wa baƙo. Manyan jiragen da ke ƙetare Tekun Atlantika suka ɗauki salon suka ƙawata shi, har ya kai a jirgin Titanic a 1912 fasinjojin aji na ɗaya ana kawo musu kala goma a dare ɗaya. Yanzu abin ya ragu zuwa huɗu ko biyar: ɗan abin taɓawa, romo ko ganye, taliya ko shinkafa, sannan kifi ko nama, a rufe da kayan zaƙi. Zaman yakan ci kusan awa biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa mutum biyu ne suka yi mana hidima daga daren farko har na ƙarshe, babban mai hidima ɗan Indonesiya da mataimakinsa ɗan Indiya, sama da su kuma akwai shugaban sashe da ke zagayawa yana duba tebura. A daren farko mataimakin ya zo da jerin giya, maigida ya ɗaga hannu ya ce ba ma sha. Nan take ya kwashe kofunan giyar da ke gabanmu, kuma har muka bar jirgin ba mu sake ganin su a wurinmu ba, ba a kuma sake yi mana tayi ba, duk da cewa abokan zamanmu suna sha. A dare na biyu na tarar da ruwana babu ƙanƙara a ciki, domin mai hidimar ya lura jiya na tsame ta da cokali. Na tafi da yajin ƙuli a ƙaramar kwalba, tun da kilishi da dambun nama ba su shiga ƙasashen Tarayyar Turai a jakar matafiyi, sai nake ɗan barbaɗa shi a ɓoye a gefen faranti. A dare na uku, da na zauna, sai na ga ɗan farin kwano da ƙaramin cokali a gefen farantina, babu komai a ciki. Na dubi mai hidimar, ya ɗan rusuna ya ce, "Na yajinki ne, Mama." Ban roƙa ba, ban ma san ya gani ba. A sana'ata na san cewa irin wannan lura ba ta samuwa sai wanda ke maka hidima ya san fuskarka da kujerarka, kuma ya san gobe ma kai zai tarar.

Inda aka gaza shi ne batun halal, kuma nan ne babban ƙorafina. Mun gaya wa wakilin da ya sayar mana da tikiti cewa muna buƙatar naman yankan Musulmi, ya ce an rubuta, amma da muka isa tebur babu wannan bayani a wurin kowa. Shugaban sashe ya yi mana bayani cikin ladabi cewa irin wannan nama sai an nema makonni kafin tafiya ake lodinsa a tashar jirgi, ba abu ne da za a samo a tsakiyar teku ba. Malamai suna da maganganu kan yankan Ahlul Kitabi, mu dai muka zaɓi mu tsaya kan kifi da ganyayyaki da taliya. Ko a nan ma sai da kula, domin girkin Italiya yana ɓoye abubuwa: shinkafarsu mai danƙo da farar giyar inabi ake fara ta, romon wake sau da yawa da guntayen naman alade ake tada shi, wani kayan zaƙin kuma ana jiƙa shi da barasa, kuma ba duka ake rubutawa a takardar abinci ba. Maganin da suka yi shi ne, kowane dare bayan mun gama, shugaban sashe ya kawo mana takardar abincin gobe mu zaɓa, a dafa namu daban. Mai hidimarmu, wanda shi ma Musulmi ne, yakan bi layukan da yatsa yana cewa wannan da giya, wannan da alade, wannan lafiya lau. Ya sauke nauyin da ke kansa, amma ba daidai ba ne a ce cin halal ɗin fasinja ya rataya kan sa'ar samun ma'aikaci mai tsoron Allah. Kamfanin da ke iya sa alama kan abincin da ke da gyaɗa ko alkama saboda masu rashin lafiya, ba zai gagara sa alamar giya da alade ba.

Game da ɗanɗano, kifin ya yi kyau ƙwarai, musamman gasasshen da aka kawo da man zaitun da lemun tsami daren da muka bar Napoli, kuma burodin da ɗuminsa yake zuwa domin a cikin jirgin ake gasa shi. Amma harshen da ya tashi da daddawa da attaruhu zai ji yawancin miyar salam, kuma abin da ake zubawa a faranti kaɗan ne, ko da yake idan mutum ya nemi ƙari ana kawowa ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Darare biyu daga cikin bakwai na ado ne, inda ake so maza su sa kwat mai duhu, mata kuma doguwar riga. Maigida ya yi ta wasi-wasi ko za a karɓi kayanmu, na ce masa, "Alhaji, babbar rigar da ka shiga gaban sarki da ita ba za ta kasa shiga gaban kyaftin ba." Ya sa farar shadda mai aiki da hula zanna, ni kuma na sa leshi da gyale. A ƙofa aka tarbe mu da fara'a, domin tufafin gargajiya na ƙasar mutum ana lissafa su cikin kayan ado, kuma kafin mu kai tebur mutane da dama sun tsayar da mu suna tambayar sunan ɗinkin. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne, a tebur na kusa da mu wasu sun zo da riga mai gajeren hannu kamar masu zuwa kasuwa, babu wanda ya ce musu uffan. Idan an kafa doka an sa mutane sun ɗauko kaya daga wata nahiya, ya kamata a tsare ta. A daren ado na biyu aka rage fitilu, masu hidima suka fito a jere ɗauke da askirim da aka lulluɓe da bugaggen farin ƙwai da sukari aka ɗan gasa samansa, fasinjoji suna kaɗa ƙyallen goge baki a sama ana tafi. Tsohuwar al'adar jiragen ruwa ce, kuma mutane sun ji daɗinta, sai dai ni na fi ganin gajiyar da ke fuskar masu ɗauke da tiren.

Wata safiya na biya kuɗin zagayen da ake kai fasinjoji kicin, domin ina so in ga yadda ake ciyar da mutum sama da dubu cikin awa biyu, a share, a sake shimfiɗa, a ciyar da wasu kamarsu. Komai na ƙarfe ne mai sheƙi, kowane kuku da kalar da yake zubawa, a bango kuma an manna hoton kowane faranti yadda ya kamata ya fita. Mai hidima yakan karɓi zaɓin mutum na dukkan kaloli tun farkon zama, saboda haka kicin ya san adadin kifi da na taliya kafin a gama cin burodi. Faranti ana rufe shi da murfi, a ɗora wani a kai, mutum ɗaya ya saɓa fiye da goma a kafaɗa, jirgi kuma yana tafiya a kan ruwa. Sirrin dai ɗaya ne, sun san yawan bakin da za su ci da inda kowa zai zauna. A bikinmu ana raba kati ɗari uku, mutum ɗari bakwai su zo, shi ya sa ake wawaso a bakin kula, dattijon da ya zo tun farko ya tashi bai ci ba.

Wannan hidima tana da tsada a jikin masu yin ta. Mai hidimarmu ya gaya mini kwantiraginsa na wata takwas ne, babu ranar hutu cikakkiya, kuma mun sha ganin sa da safe yana aiki a wurin karin kumallo bayan ya tashi daga zama na biyu kusan sha biyun dare. Yarjejeniyar ƙwadagon ma'aikatan teku ta 2006 ta tanadi hutun aƙalla awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako, wanda ke nuna cewa ko an bi doka sau da ƙafa, aikin mai nauyi ne. Kamfani yana ƙara kuɗin hidima sama da yuro 10 kan kowane babba a kowane dare, wanda wakilinmu bai faɗa mana ba sai a takardar lissafi muka gani. Ban yi baƙin cikin biya ba, ɓoyewar ce ta ɓata mini rai. A daren ƙarshe muka sa wani abu a ambulan biyu muka damƙa wa mutanenmu hannu da hannu.

Wanda zai tafi, ya rubuta wa kamfanin jirgin da kansa kan batun halal, ya karɓi amsa a rubuce, kada ya dogara da bakin wakili, ya kuma tambayi kuɗin hidima tun kafin ya biya. Ni kuwa da na dawo, a bikin farko da na karɓa a Unguwar Rimi na roƙi uwar amarya ta ba ni sunayen manyan baƙi sittin, na ware musu tebur goma masu lamba, na ba kowace yarinya cikin ma'aikatana tebur biyu na ce kada ta ɗaga ido ta dubi na uku. Sauran zauren ya tafi yadda aka saba, amma a waɗannan tebura goma kowa ya ci da zafinsa, kuma wata gwaggon ango mai ciwon sukari ta samu shayinta babu sukari sau biyu ba tare da ta sake faɗa ba.