Jekadafari ko Tumfure ga Baƙon da Ya Sauka a Gombe

Ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki zuwa Gombe yakan tsaya tsakanin zaɓi biyu: ya kama haya a tsohuwar unguwa irin Jekadafari, ko ya fita Tumfure da ke kan hanyar Bauchi, wadda ta bunƙasa bayan garin ya zama hedikwatar jiha a 1996.

A Jekadafari kasuwa da masallaci da makarantar allo duk suna kusa, kuma maƙwabci zai san sunan 'ya'yanka kafin mako ya zagayo, abin da ni kam nake ɗauka da muhimmanci ga baƙon da bai da dangi a gari. Sai dai lunguna matsattsu ne, ɗakuna ƙanana, ga zafin bazara.

Tumfure kuwa tana da sababbin gidaje masu fili da iska, amma kuɗin Keke Napep na kullum zai ci albashi, kuma wajibi ne mutum ya tambayi inda ake samun ruwa, ya kuma duba ko kwazazzabo na dab da katanga, domin zaizayar ƙasa tsohuwar matsalar Gombe ce. Mai ƙananan yara da ba shi da abin hawa, ina ganin ya fara da Jekadafari.