Kekunan haya masu rage gudu a titin kantuna: abin da na gani cikin wata guda

Wata guda ke nan ina hawan kekunan lantarki na haya da wani kamfani ya zuba a unguwar kantunan da nake ratsawa kullum, kuma abin da ya ja hankalina gare su shi ne alƙawarin da kamfanin ya ɗauka cewa kekunansa ba za su takura wa masu tafiya a ƙafa ba. An shata wasu wurare a taswirar manhajarsu, kuma da zarar na'urar GPS da ke jikin keken, wadda ke gano inda yake ta hanyar tauraron ɗan'adam, ta nuna cewa ya shiga ɗaya daga cikinsu, sai injin ya rage ƙarfi ko ya ɗauke gaba ɗaya.

A titin da aka rufe wa ababen hawa baki ɗaya, tsarin ya cika alƙawari. Ranar da na fara gwadawa, ban yi nisa da bakin titin ba na ji feda ta yi nauyi, kuma da yake batir ya sa keken ya fi na gida nauyi ƙwarai, sauka a tura shi ya fi sauƙi. Wata dattijuwa da ta fito daga kanti riƙe da hannun jikanta ta gifta gabana ba tare da ta waiwaya ba, kuma da ina kan gudu da ban iya kauce mata ba. A Tarayyar Turai injin irin wannan keke yana taimakawa har kilomita 25 a awa ɗaya, alhali mai tafiya a ƙafa bai cika wuce 5 ba, don haka ɗaukewar injin ba ƙaramar kariya ba ce.

Inda na ga gazawa shi ne a gefen titi, wato hanyar masu ƙafa da ke manne da ta motoci. GPS na yau da kullum yakan yi kuskuren kusan mita 5 ko da a fili ne, kuma kuskuren yana ƙaruwa a tsakanin dogayen gine-gine domin saƙon tauraron ɗan'adam yana bugun bango kafin ya iso, ita kuwa hanyar masu ƙafa sau da yawa ba ta wuce mita 2 ko 3 ba. Saboda haka na sha ganin mahayi yana kutsawa ta ƙofar kantuna yana kaɗa wa mutane ƙararrawa, injinsa na aiki sarai. Sau ɗaya kuma nawa injin ya ɗauke ina tsakiyar motoci, abin da ya tayar mini da hankali matuƙa. A Ingila har yau dokar hanyoyi ta 1835 ake dogara da ita wajen hana hawan keke a gefen titi, amma keken nan ba ya sanin lokacin da mahayinsa ya karya irin wannan doka.

Wurin ajiya ma yana buƙatar gyara. Manhajar takan nemi hoton keken kafin ta rufe haya, duk da haka na tarar da wani makaho sandarsa ta maƙale a tayar keken da aka gicciye a bakin kanti, sai da na janye masa shi. Zan ci gaba da haya, amma na rubuta wa kamfanin cewa ya nemi hukuma ta ware masa wuraren ajiya a kan kwalta, ya kuma ƙi rufe hayar duk keken da aka bari a wajensu.