KnockBlock na Link: kunnen mai gyaran taimin

Ba nokin da bakanike ke nufi in ya ce inji ya buga ake magana ba. Wannan shi ne ƙwanƙwasar da ke tashi idan ragowar mai da iska a gefen silinda suka fashe da kansu bayan fulogi ya ba da wuta, kafin harshen wutar ya iso gare su. In aka bar ta, ita ce ke fasa gefen fistin da ke riƙe ringi, ta ƙone gaskit, ta cinye metal, wato beyarin da kirankishaf ke juyawa a kai.

KnockBlock, na kamfanin Link da ke New Zealand, ɗan akwati ne na alminiyam mai batir da ake caja da USB. Yana ɗaukar sensa mai jin ƙwanƙwasa ɗaya ko biyu, ya tace hayaniyar inji, ya aiko da sautin cikin abin saurare na kunne. Aikinsa ke nan. Ba shi da allo, ba ya taɓa ƙwaƙwalwar mota, ba ya ja da taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) baya. Kai ne za ka ji, kai ne za ka gyara.

Amfaninsa ya rataya ne a kan ɗaurin sensa, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Sensa irin ta Bosch mai rami a tsakiya ana ɗaure ta ne a jikin bulok, can sama. A inji mai silinda 4, tsakanin ta 2 da ta 3. A kankare fenti da tsatsa, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ba washa. Noti M8, ɗauri Nm 20. In ta yi sako-sako sautin ya dushe, in an matse ta fiye da kima karatunta ya karkace. A kan murfin bawul kuwa, kacau-kacau ɗin bawul kaɗai za ka sha. Wayarta ma a nisanta ta da koyil.

Amon ƙwanƙwasa yana bin faɗin silinda: raba 573 da faɗin a milimita, ka sami kaifin sautin a kilohaz. Silinda mai faɗin milimita 86 tana ba da kusan kilohaz 6.7.

Fara da taimin da aka ja baya, inji na ɗauke da nauyi a ƙananan juyi, ka riƙa ƙara digiri ɗaiɗai. Ƙarar bawul da injekta a jere take tafiya, kamar keken ɗinki. Ƙwanƙwasa kuwa ba ta da tsari, sai ka ji kamar an watsa tsakuwa cikin gwangwani. Da ka ji ta, ɗaga ƙafa, rage digiri 2 zuwa 3 a wannan juyi da nauyin. A yi gwajin inji ya yi zafi sosai, da man da motar za ta riƙa sha. Saitin da aka yi a Turai da mai mai oktan 98 ba lallai ya jure ranar watan Afrilu a Sakkwato ba.

Rauninsa biyu. Ba ya faɗin wace silinda ce ke ƙwanƙwasa, kuma sama da juyi 6,000 a minti hayaniya kan rufe ta ga kunnen da bai saba ba. Ana iya jona shi da kwamfuta a naɗi sautin a sake saurara, amma mai son ganin kowace silinda a allo gara ya nemi Plex Knock Monitor, ya ƙara kuɗi. Ga mai saita ƙwaƙwalwar mota da ke son tabbatar da abin da sensar motar ke faɗa, KnockBlock ya ci kuɗinsa.